Jinin Zorka

Shafi na 14

Da sunan Allah nake buɗe shafin yau. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in na ƙara kwana uku ban turo ba za ta hau dutsen Vlašić ta same ni da muciya. Ki zo 'yar uwa, akwai madarar tumaki tana jiran mai juyawa. Na gode da addu'o'in da kuke yi wa Zorka, wallahi ina karanta kowace ɗaya. Wannan shafin sai da na ajiye waya sau biyu na share fuska kafin na gama shi.

*

Ranar Talata da hantsi muka gama shiri. Na shimfiɗa wa Zorka tsohon bargon Baba a bayan mota, na cika jarka da ruwa, na rungume jakar takardunta a ƙirjina. Nusret mijina ya ce ko ranar da aka kawo ni gidansa ban riƙe jaka haka ba. Na ce ya ja mota.

Kun dai san abin da ke gabana. Zorka ita kaɗai ta rage cikin karnukan garken mahaifina, irin da ake kira tornjak, na asali, waɗanda kakanninsu suka tare wa kakanninmu kyarkeci. Watan Fabrairu za ta cika shekara takwas, kuma a dokar ƙungiyarmu ta masu kiwon karnuka karya ta kai takwas an rufe mata littafi, ko ta haihu ba mai rubuta 'ya'yan. Haihuwarta biyu, ba ko ɗaya a ƙasa. Na farko cutar gudawa ta kwashe su shida cikin sati guda. Na biyu laifina ne, ba na ɓoyewa. Kyau ya ruɗe ni na haɗa ta da ɗan wan ubanta, ta haifi huɗu, farfaɗiya ta kama su ɗaya bayan ɗaya tun ba su shekara ba. Da hannuna na haƙa ramukan a bayan garke.

Shi ya sa wannan karon ban yi wasa ba. Dakta Sanela, mai kula da barbara a ƙungiya, ta ƙirga haƙoran Zorka, ta auna tsayinta, aka ɗauki hoton ƙashin ƙugunta, aka harba bindiga kusa da ita a ga ko za ta firgita. Hamma kawai ta yi. Aka buga mata hatimi. Sai neman namiji, wata biyu muna bin takardu, duk wanda muka ɗauko sai mu tarar da kakan Zorka a zaune a layi na uku ko na huɗu. Har muka faɗa kan Medo, karen wata mata Ankica a garin Kupres. Gurbin uwa an rubuta ba a sani ba. Gurbin uba ba a sani ba. A garken wani makiyayi aka gan shi, alƙalai suka duba ƙirarsa da halinsa suka shigar da shi littafi. Ni da Dakta har tafawa muka yi, wai mun samu sabon jini. Mu masu ilimi ke nan.

Ranar kwana goma sha biyu ke nan da Zorka ta fara neman namiji. Kwana biyu suka rage mana, in sun wuce shi ke nan har abada.

Muna gangarowa gadar rafi, wadda mota ɗaya kawai take ɗauka, sai muka tarar da tumaki sun cika ta maƙil. A tsakiyarsu Baffa Ramiz ne tsaye ya dogara da sanda, baƙar karyarsa Lisa a gefensa.

Baffa Ramiz aminin Baba ne, maƙwabcinmu, kuma shekara biyar da rabi rabon da in gaishe shi. Ko a ranar Sallah in na hango shi sai in sake hanya. Ranar Litinin da yamma ma ya zo ƙofar gidanmu, na sa Nusret ya ce masa ba na nan, alhali yana jin ƙarar tukunyata.

Nusret ya danna hon. Tumaki ko gezau. Ya sake dannawa. Tsohon ko ɗago kai bai yi ba.

Na ɓalle ƙofa na fita, raina a ɓace.

"Ka janye mana tumakinka, sauri muke yi."

"Ina kwana, Mersiha."

"Ka janye su."

"Kupres za ku?"

Na juya na harari Nusret ta gilashi. Ya sunkuyar da kai yana gyara madubi. Ashe jiya a kasuwar cuku ta Travnik ya bi teburi teburi yana nuna wa mutane hoton Medo a waya, yana cewa ga surukinsa.

Na ce wa tsohon inda za mu ba ruwansa. Na ce masa abin da ya yi wa Zorka sau ɗaya ya isa, kada ya ƙara shiga sabgarta. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta a nan ba, don akwai iyayena a cikinku. Yana tsaye yana saurare har na gaji don kaina.

Sannan ya ce, "Ba za ki kai ta wurin karen nan ba."

"Kai ne za ka hana?"

"Ni ne. Ko ki taka ni da mota."

"Saboda me?"

"Ɗanta ne."

Dariya na yi, irin ta ɓacin rai. Na ce tsufa ya fara taɓa shi. Na ce 'ya'yan Zorka goma ne, kuma ni na binne su duka goman.

Ya ce, "Sha uku ne. Kin manta da na buhu."



Ban manta ba, ta yaya zan manta? Haihuwar Zorka ta farko tara ta zubo. Kwana uku da haihuwar Baba ya kwashe su duka ya kai tsakar gida ya jera kan ciyawa, ya saki uwar, kamar yadda ubansa yake yi. Wanda ta fara ɗauka ta mayar ɗaki shi ne gwarzo, na biyu mai bi masa, haka har a kai adadin da nononta zai iya. Baba yana tsaye yana ƙirgawa. Tana shigar da na shida ya rufe ƙofa ya sa sakata. Na roƙe shi, na yi kuka, na ce zan shayar da ukun da kwalba. Ya ce karyar da tara suka tsotse ba ta tare kyarkeci da kaka, kuma ba a kansa aka fara ba. Mai kare ba ya kai nasa rafi, maƙwabci ke kai masa, shi ma wata rana ya rama masa. Baffa Ramiz ya zo da buhu ya zuba ukun ya saɓa a kafaɗa. Zorka ta wuni tana kartar ƙofa. Da cuta ta zo ta kwashe shidan, sai na tattara duk baƙin cikina na ɗora wa mai buhu, don Baba ba shi da lafiya a lokacin, kuma da sanyin shekarar ya rasu. Ba na iya fushi da kabari.

Na ce, "Da idona na ga ka nufi rafin nan."

"Na zo. Ga dutsen da na zauna a kai can."

Ya nuna da sanda. Ya ce ya ɗaure bakin buhun, har ya sa dutse a ciki. Sai ya tarar akwai huda a gindin buhun, ɗaya cikinsu ya turo hanci ta nan ya kama ɗan yatsansa yana tsotsa. Ya ce ya kai wa mutane kwikwiyo rafi ya fi sau ashirin a rayuwarsa, bai taɓa jin komai ba, amma a watan ne ya binne matarsa, ranar hannunsa ya ƙi. A lokacin tsohuwar karyarsa ta haifi ɗaya tal ya mutu, nono na damunta. Ya zagaya ta bayan gari ya hau da su bukkarsa ta kan dutse, ya goga musu ciyawar da take kwanciya a kai, ya tura mata su. Ta shinshina ta kwanta.

"Da na sauko ubanki Hamdo ya tambaye ni, ka gama? Na ce na gama. Shekara arba'in muna tare da ubanki, ita ce ƙaryar da na taɓa yi masa. Kullum ina cewa gobe zan faɗa masa, har aka kira ni wankan gawarsa."

Ya yi gyaran murya ya tofar.

Ya ce da suka yi wata uku ya ba wani makiyayi Stipo na Kupres babban cikinsu, da suka haɗu a hanyar kiwo. Jiya da Nusret ya tura masa waya a fuska, yana ganin farin ƙirjin da baƙin tabon da ke ido ɗaya gabansa ya faɗi. Ya tambayi a garken wa aka samo shi. Nusret ya ce wani Stipo.

Zuciyata ta riga ta yarda, amma taurin kaina bai yarda ba. Na ce karnuka masu farin ƙirji sun fi dubu a ƙasar nan, Stipo kuwa a Kupres ko jifa ka yi kan wani Stipo zai faɗa. Na ce ina da hatimi, ina da sa hannun likita, shi me yake da shi?

"Takardarsa tana jakarki?"

"Tana nan."

"Ni ban iya karatun takardunku ba. Ki duba ko sun rubuta wani abu a kan kunnensa na hagu."

Na zuge jakar. Garin sauri takardar Zorka ta faɗi cikin tumaki, Nusret ya fito da gudu ya ƙwace ta a bakin wata tunkiya. Na buɗe ta Medo, na bi layi layi har ƙasa, wurin da ake rubuta alamomin jiki. Na karanta wurin nan ya fi sau goma a wata biyun nan. Tsaga biyu a kunnen hagu, tsohon rauni. Har na tambayi Ankica a waya, ta ce ai kyarkeci ne ya cije shi yana ƙarami, ni kuma na ji daɗi, na ce jarumi ne.

Tsaga biyu a kunnen hagu ita ce shaidar tumakin Baba. Duk tunkiyar da ke garkenmu yau da ita take yawo. Ni da kaina nake yi wa 'yan raguna ita duk bazara.

Baffa Ramiz ya ce, "Da wuƙata na yi musu, su ukun. Kayan Hamdo ne ba nawa ba. Na ce ko na mutu wani zai gane."

Na zauna a kan katangar gadar. Abin da nake gani kawai ramukan nan huɗu na bayan garke. Ɗan wan uba kawai na haɗa ta da shi na ga abin da na gani, yadda kwikwiyo yake faɗuwa yana kumfa yana kallona. To ina ga uwa da ɗanta? Da yanzu muna hanya ina ta murna, da yamma in biya Ankica in yi mata godiya, bayan wata biyu in zauna ina ƙirga 'ya'ya ina turo muku hotuna. Kuma duk da hatimi, ba wanda zai ce na karya doka. Mun ga an rubuta ba a sani ba, muka ɗauka ba dangi ba ne, alhali duk karen da ke garken duwatsun nan daga hannun wani maƙwabci ya fito.

Nusret ya dafa kafaɗata ya ce, "Kin ga amfanin surutuna."

Ban ma iya hararar sa ba, don gaskiya ya faɗa.

Na ɗago na ce, "Baffa." Rabon da kalmar nan ta fito daga bakina har na ji ta baƙuwa. "Sauran fa? Sun rayu?"

Ya yi ɗan fito, Lisa ta taso ta zo ta tsaya a gabana.

Lisa fa. Karyar da nake wucewa kullum in na tafi ɗiban ruwa. Karyar da na taɓa jifa da takalmi don ta leƙo garkenmu, na ce ta koma gidan mai buhu. Na sa hannu a hankali na ɗaga gashin kunnenta na hagu, gashi ne mai yawa, sai da na tona.

Suna nan, guda biyu.

Na rungume wuyanta na fashe da kuka a tsakiyar tumaki, ba kunya ba komai. Shekara biyar ina kwana ina tashi da cewa jinin karnukan Baba zai ƙare a hannuna, ni ce 'yar da ta kasa riƙe abin da aka bar mata. Ashe 'yar Zorka tana tsallaken katangata tana cin tuwon masarar Baffa Ramiz. Ashe Medo da ake ta yabo a Kupres, mai 'ya'ya a garke bakwai, jikan karen Baba ne. Sai a lokacin na tuna, Zorka da ba ta barin kowace karya ta wuce ƙofarmu ba ta taɓa yi wa Lisa haushi ba. Ni a wautata na ɗauka raini ne.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Shekara biyar, Baffa."

"Sau nawa na zo ƙofarki?"

Kunya ta rufe ni. Ya zo bayan rasuwar Baba, na shige ɗaki. Ya zo da na binne huɗun nan, na saki labule. Ya ce daga baya shi ma ya ji tsoro, kada in kai shi ƙara ƙungiya a ce ya saci karnuka, ko in karɓe Lisa, ita kaɗai ce mai jiran sa a gida. Amma jiya da ya ji zancen Kupres ya ce ko me za a yi masa a yi. Tun da ya idar da sallar asuba ya koro tumakin nan kan gada, don ya san su kaɗai ne ba zan iya rufe wa ƙofa ba.

Na tashi na kama hannunsa na sumbata na kai goshina, yadda nake yi masa ina yarinya ranar Sallah ya ba ni alewa. Hannun duk ƙanta.

"Ka yafe mini, Baffa. Don Allah ka yafe mini. Na zalunce ka."

"Sakar min hannu, mutane za su ce mutuwa zan yi."

"Sai ka ce ka yafe."

"Na yafe tun ba ki roƙa ba. Ubanki ma haka yake, in ya hau fushi sai an sa tsani."

Na ce masa Lisa tasa ce har abada, ba mai raba su. Abu ɗaya kawai nake roƙo, ya bar ni in kai ta gaban Dakta a ƙirga haƙoranta a auna ta, a ɗebi jininta da na Zorka, a rubuta sunan uwarta a inda ya dace. Ya ce in dai ba za a sa ta wanka da sabulu mai ƙamshi ba ya yarda. Na gode wa Allah a fili, na gode wa tsohon nan, na gode wa hudar da ke gindin buhu. Har yau in na tuna sai in ji ban gode ba.

Nusret ne ya dawo da ni hayyacina. Ya nuna bayan mota, inda Zorka take ta juyi tana kuka ƙasa ƙasa, ya ce kwana biyun nan dai ba su ƙaru ba.

Na kira Dakta Sanela, na buɗe muryar wayar kowa ya ji. Na zayyana mata komai. Ta ce innalillahi, ita ce ta sa hannu. Ta ce in ce wa Baffa Ramiz ta gode, ya fitar da ita kunyar da ba za ta taɓa wankewa ba. Tsohon ya kawar da kai yana ƙirga tumakin da ya riga ya san adadinsu.

Na ce, "Dakta, yanzu ya zan yi da Zorka? Ko in haƙura?"

"Kada ki haƙura tukuna. Kin tuna na biyu a jerinmu? Shi kaɗai ya rage wanda ya ci tantancewa kuma bai haɗa kaka da ita ba."

"Bjelov?"

"Shi. In kun kama hanya yanzu za ku isa Glamoč kafin la'asar. Bari in kira mai shi. Shi ma daga garke aka shigar da shi, iyayensa ba a..."

Ta tsaya da kanta.

Na juya. Baffa Ramiz ya daina ƙirga tumaki. Ya ƙanƙame sandarsa da hannu biyu yana kallon wayar.

"Wane gari ta ce?"

"Glamoč."

"Shekararsa nawa?"

Na ji ƙarar takarda a wayar. Dakta ta ce an kiyasta biyar zuwa shida.

Sai a lokacin na yi lissafin da ya kamata in yi tun ɗazu. Medo ɗaya. Lisa biyu. Ina na ukun?

Tsohon ya matso har bakinsa ya kusa taɓa wayar, ya ce a hankali, "'Yata, ki duba min kunnensa na hagu."